Rigar da Agwagi Suka Sani

A ƙauyen da ke bayan kasuwar albasa ta Brebes, in ka ce kana neman Gilang ɗan Pak Tarmo, wato Baba Tarmo, sai an tsaya an yi tunani. Amma ka ce mai shuɗiyar riga, ko matar da ke soya ayaba a bakin titi za ta nuna maka fadama da babban yatsanta ba tare da ta ɗago daga kasko ba. Rigar ba wata abar a zo a gani ba ce. Ta ƙwallon ƙauye ce, tun zamanin da Pak Tarmo yake da gwiwar gudu. Lambar bayanta ta goge, wuyanta ya saki, shuɗinta ya koɗe har ya kusa komawa launin hayaƙi. Duk da haka, waɗanda suka san ta a duniya sun fi waɗanda suka san fuskar mai gari yawa.

Cikin agwagi Gilang ya buɗe ido. Sana'ar gidansu ke nan, kiwo irin na bin girbi. Duk inda aka yanke shinkafa, can za a kafa rumfa da shingen raga, agwagi su wuni suna tsintar abin da ya zuba da dodon koɗi, da sassafe a shiga a kwashe ƙwai a kai wa masu jiƙa shi a gishiri. Yana yaro ya tsani abin. A makaranta in ya shigo aji sai wani ya toshe hanci ya yi kukan agwagwa. Saboda haka yana gama sakandare ya hau motar birnin Cikarang, ya samu aiki a wata masana'anta da ake ɗinka kujerun babura.

Can ya ga yadda 'yan zamaninsa suke hutawa. In an tashi aiki, kowa a ɗakin haya sai ya kwanta rigingine, waya a saman hanci. Wannan yana kallon wata tana cin barkono har hawaye, wancan yana kallon masu wasan barkwanci, na can gefe yana kallon wani yana kallon wani. Akwatin talabijin ɗin ɗakin kuwa tawul suke shanyawa a kai. Gilang ma ya bi sahu. Wata rana ya ankara ashe ya daɗe ba abin da yake nema sai bidiyon fadama, yana ƙara sauti don ya ji ko akwai kukan agwagwa a can nesa.

Ana nan sai mahaifinsa ya kira.

"Gwiwa ta ƙi," in ji Pak Tarmo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Haji Mukri mai sayen agwagi yana son garken."

"Kada ka sayar, Pak. Zan dawo."

"Ka dawo ka yi me? Kai da ka ce warinsu yana bin ka har cikin aji."

"Hancina ya yi hankali yanzu."

Ya dawo ana gobe azumi. Pak Tarmo bai yi masa doguwar magana ba. Ya ce ya ba shi shekara guda, daga wannan azumin zuwa na baɗi. In kwandon ƙwai ya ci gaba da cika, garke nasa ne. In kwando ya yi sauƙi, Haji ya kawo motarsa, shi kuma ya koma ɗinkin kujerarsa. Sannan ya miƙa hannu ya zaro shuɗiyar rigar daga ƙusa ya jefa masa.

"Da wannan za ka riƙa shiga cikinsu. Kullum. In ka wanke, ta ƙarasa bushewa a jikinka."

Kiwon agwagi aiki ne mai dogon shiru, shi kuwa Gilang bakinsa ba ya zama. Sai ya ɗaure wayarsa a jikin doguwar gorar da yake kora su da ita, ya fara ɗauka yana yi musu magana, yana kuma amsawa a madadinsu. Akwai wata ƙatuwa mai tafiya tana rangaji, ita ce kullum a gaba, ya sa mata suna Matar Mai Gari, ya ba ta muryar hanci irin ta matan da ba a yi musu gardama a wajen biki.

"Ranki ya daɗe, yau ina muka nufa?"

"Gonar Pak Dul. An ce matarsa ta yi girbin ganda, rabin shinkafar na ƙasa."

"To a tsallaka titi a hankali."

"Su motocin ba su da ido ne?"

Ya ɗora a intanet don abokan ɗakinsa na da su yi dariya. Su suka tura wa wasu, wasu suka tura wa wasu. Kafin damina ta tsaya, in ya buɗe bidiyon kai-tsaye da hantsi sai ka ga suna shigowa kamar kasuwa: 'yan masana'anta da ke hutun shayi, ɗalibai a bayan aji, 'yan mata masu aikin gida a Hong Kong, samari a jiragen kamun kifi a tekun Taiwan. Mafi yawansu 'ya'yan ƙauye ne irinsa. Ba wani abu suke nema ba, su dai su ga laka, su ji kukan agwagi, su tsokani Mas Gilang, wato Yaya Gilang.

Ta dalilin abin ma ya samu mata. Wiwin, 'yar Pak Kasnan manomin albasa, tana tsaron shagon sayar da katin waya a bakin kasuwa. Ranar da ya je sayen data ta dubi rigar, ba ta ma dubi fuskarsa ba, ta ce, "A gaida Matar Mai Gari." Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure.

Tsokanar masu kallo kuwa duk a kan rigar take ƙarewa. Wani ya rubuto, "Mas, rigar nan ta isa yin zaɓe." Wata ta ce, "A miƙa gaisuwata ga rigar, ta girme ni." Gilang yana karantawa da ƙarfi yana dariya. Wiwin ma da farko tana dariya, har sai da abin ya biyo ta kanta.

"Mas, yanzu fa ni ake yi da ni."

"Wa ya taɓa ki, Dik?" in ji shi, wato ƙanwata, yadda yake kiran ta.

"Wata a Hong Kong ta ce a yi karo-karo a saya wa matarka sabulu."

"Ki karɓa mana. Sabulu ya yi tsada."

"Ba wasa nake ba. Mutane sun ɗauka ba na yi maka wanki."

Sai Gilang ya matse hanci ya ɗauko muryar Matar Mai Gari: "Yarinya, rigar nan tamu ce, aro muka ba shi. Ranar da ya canza ta, ranar za mu shiga yajin aiki."

Wiwin ta jefe shi da matashi. A gidansu albasa ake nomawa, albasa kuwa ba ruwanta da abin da ka sa. Mijinta kuma tun da ta san shi bai taɓa faɗin magana biyu a jere ba tare da ɗaya wasa ce ba. Ta ɗauki wannan ma cikin wasannin.

Ana shirin shiga Sha'aban wani ƙunshi ya iso daga Taiwan. Wani mai suna Bowo, wanda ba ya fashin kallo, shi da abokan aikinsa na jirgin kifi ne suka haɗa suka aiko. Riga ce ruwan goro, mai ɗaukar ido tun daga nesa, da hoton agwagwa sanye da baƙin tabarau a ƙirji. Ranar Juma'a Gilang ya dawo gida daga fadama, ya wanke shuɗiyar ya shanya a igiya, ya ɗaura zanensa irin na mazan garin ya tafi masallaci. Bayan fitarsa Pak Kasnan ya biyo kawo wa 'yarsa albasa, ya tambaya ko akwai tsummokaran da zai sa wa mutum-mutumi, domin bana shinkafa ya shuka a gonar baya, tsuntsaye kuma sun hana shi sakat. Wiwin ta dubi igiya. Ba ta daɗe tana tunani ba.

"Dik, ina rigata?" in ji Gilang da ya dawo daga masallaci.

"Ga rigarka nan a kan gado."

"Waccan nake nufi."

"Ta yi ritaya. Na bayar."

Gilang ya tsaya da sabuwar a hannu. In za a faɗi gaskiya, shi ma can ƙasan ransa bai taɓa yarda da maganar rigar ɗari bisa ɗari ba. Ya ɗauke ta irin maganar tsofaffi, wadda ake bi don a zauna lafiya. Ga Bowo kuma yana ta rubutowa ko saƙo ya iso. Mutane sun aiko abu daga tsakiyar teku, ai da kunya a ce ba a sa ba. Ya zura ta, ya dubi madubi, ya ga ashe shi ma kyakkyawa ne.

Da la'asar ya isa shinge, ya buɗe kai-tsaye, ya juya gaba ya juya baya don su Bowo su gani. Sannan ya ɗaga raga ya shiga.

Matar Mai Gari ta ɗago kai daga laka. Ta karkata shi ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan. Sai ta saki wani kuka da bai taɓa ji daga bakinta ba, garken duka ya tarwatse. Wasu suka faɗa magudanar ruwa, wasu suka bi ta cikin irin shinkafar maƙwabci, wasu suka haye titi suka shige ƙarƙashin amalanken mai tsire. Gilang ya bi su da gudu, gora a hannu, waya tana ɗauka, duk inda ya nufa su ƙara wuta. Ya zame ya zauna daɓas a laka. Sai da maƙwabta suka fito aka taru kafin a mayar da su shinge.

Bidiyon ya yi tafiyar da wani nasa bai taɓa yi ba. Har a gidan mai wani yaron mota ya nuna masa kansa yana faɗuwa. Shi ma ya yi dariya ranar. Washegari da ya shiga kwasar ƙwai, dariyar ta ragu, domin kwando ko rabi bai kai ba. Ya gwada shiga da farar singileti, ya gwada da rigar ruwa, duk ɗaya: su cure a lungu suna hararar sa, ba sa cin abincin kirki. Kwando ya yi ta sauƙi, gashi ya fara zuba a shinge.

Pak Tarmo yana zaune a baranda da tukunyar shayinsa ta ƙasa lokacin da Gilang ya ajiye kwandon a gabansa. Tsohon ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga shi.

"Kwandon nan ya fara azumi tun ba a ga wata ba." Ya ɗago ya ƙare wa rigar ruwan goro kallo. "Baƙo daga ina?"

"Ni ne, Pak."

"Ni da na haife ka ban gane ka ba, balle agwagwa." Ya kurɓi shayi. "Haji ya kira. Ya ce ya ga bidiyonka, ya yi dariya har ya ƙware. Ranar Asabar zai zo ya duba su."

Wiwin tana bayan ƙofa da tire a hannu. Ta fito a hankali ta durƙusa.

"Pak, wai maganar rigar nan da gaske ce?"

"Nok," in ji shi, don haka yake kiran ta kamar 'yar cikinsa, "tun suna 'yan tsaki shuɗin nan suke gani yana kawo musu abinci. Uwayensu ma haka. Agwagwa ba ruwanta da fuskarka ko sunan ubanka. In ranta ya ɓaci kuma, a ƙwai take hucewa."

Wiwin ta juya ga mijinta. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya miki."

"Da muryar agwagwa ka gaya mini, Mas."

Pak Tarmo ya ce wannan kam tana da gaskiya.

Suka hau babur sai gonar Pak Kasnan. Shinkafa ta nuna, an ja igiyoyi daga wannan kunya zuwa waccan da gwangwanaye a rataye, mutum-mutumi kuma tsaye ko'ina, wani da tsohon zane, wani da buhun taki. Surukin yana cikin 'yar rumfarsa yana jan igiya.

"Wacce? Mai gogaggiyar lamba a baya? Ai albarka gare ta, biyu ta yi mini."

"Biyu, Pak?"

"Na raba. Ga gaban can wajen magudana, ga bayan can kusa da bishiyar ayaba. Hannuwan na ɗaure gwangwani da su." Ya gyara zama. "Kuma ba na jin zan bayar. Tun da na rataya ta, ko tsuntsu ɗaya bai sauka a wajen ba. Ina jin warin ne."

"Pak, wanke ta fa aka yi," in ji Wiwin.

"To ashe a jininta yake."

Da suka yi masa bayani ya daina tsokana, amma ya ce ba zai bar 'yan tsaronsa tsirara ba, a kawo madadi. Gilang ya tuna da akwatinsa. Yana da riga guda a ƙasan akwati, a ninke tun ranar da ya dawo: ta masana'anta, da sunansa a aljihu.

"Zan kawo maka ta Cikarang, Pak. Ita ma a raba ta biyu."

Wiwin ta ja shi gefe. "In Haji ya kwashe garken fa? Da me za ka koma?"

"Sai in zo in roƙi mutum-mutumi ya ara mini."

A gida suka shimfiɗa ɓarin biyu a tabarma. Rana da iska sun ƙara cinye su, yadin ya yi laushi kamar ganyen ayaba da ya sha wuta, in aka haɗa su kai-tsaye ɗinkin ba zai riƙe ba. Wiwin ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta ɗauko ta ruwan goro ta shimfiɗa, ta ɗora shuɗin gaba a gaba, ta juya ta ɗora na baya a baya.

"Sabuwar ta riƙe tsohuwar," ta ce. "Hannuwan kuma ka naɗe."

Ɗinkin kam Gilang ne ya yi. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗinka fatar kujera ba tsumma ne zai gagare shi ba. Ya ari keken ɗinkin maƙwabciya, ya bi gefe-gefe da ƙananan taku, Wiwin tana riƙe masa yadi tana cewa ya karkace, shi yana cewa idonta ne ya karkace.

Da safe ita ta riƙe wayar. Gilang ya tsaya a bakin shinge ya gaya wa masu kallo komai, wannan karon da muryarsa ta gaskiya: sharaɗin mahaifinsa, da kwando, da motar Haji. Rubutu ya ɗan tsaya. Sai na Bowo ya fito, Wiwin ta karanta: wai su yafe masa, shi ɗan masunta ne, bai san agwagwa tana da ra'ayi ba.

"Mas Bowo, rigarka tana nan," in ji Gilang, ya ɗaga gefen shuɗin. "Ita ce a ciki, ta fi kusa da zuciya."

Ya ɗaga raga ya shiga, bai yi gaggawa ba. Garken yana cure a lungu. Matar Mai Gari ta fito gaba, ta dube shi da ido ɗaya. Ta daɗe a kan ɗan ruwan goron da ke leƙowa ta hammata. Wiwin ta manta tana ɗauka, waya ta karkata tana nuna sama, mutane suna ta rubuto a gyara. Da ta gyara, sai ga ƙatuwar tana tahowa da rangajinta, ta zo ta tsaya ta ja bakin wandonsa kamar mai bin bashin abinci, sauran suka zubo a bayanta.

"Ina ka shiga?" Gilang ya ce ta hanci. "Wani mahaukaci ya zo nan da riga ruwan goro, saura kaɗan mu kira 'yan sanda."

Ƙwai dai bai dawo a ranar ba. Agwagwa tana saurin fushi, ba ta saurin hucewa. Ranar Asabar Haji Mukri ya zo ya zagaya shinge, hannu a baya, ya ce sun rame amma zai saya. Pak Tarmo ya zuba masa shayi, ya ce alkawari ganin wata ne, wata kuma bai fito ba. Gilang ya koma kwana a rumfa, yana niƙa musu dodon koɗi da dusa, ya hana kowa zuwa kusa, har masu zuwa daga gari ɗaukar hoto. Kowace safiya kafin ya kai kwando gida sai ya nuna wa waya, 'yan Hong Kong da 'yan jirgi suna gardama ko ya fi na jiya. Wata ma'aikaciyar masana'anta ta rubuto cewa ko sakamakon jarrabawarta ba ta jira haka ba.

Ana jibi azumi ya ajiye kwando a baranda. Pak Tarmo ya sa yatsa ɗaya, kwando bai motsa ba. Ya ƙara na biyu. Sannan ya ajiye kofi ya kama da hannu biyu, ya ɗaga, ya sauke. Bai dubi ɗansa ba. Ya ce wa Wiwin ta kira masa Haji.

"Pak Haji, kada ka ƙona man motarka. Amma ka biyo shan ruwa, akwai ƙwai."

Bayan Sallah ne Wiwin ta fito da sauran dabararta. Kowace Juma'a, in an wanke rigar, sai ta sa almakashi ta rage shuɗin kaɗan, abin da bai wuce faɗin yatsa ba, yadda agwagi za su saba ba tare da sun farga ba. Masu kallo ne suke zaɓar gefen da za a yanka, har ana ɓatawa a kan haka. Sannu a hankali tabarau ɗin agwagwar ƙirji ya leƙo, daga baya bakinta. Matar Mai Gari ko a jikinta.

Da aka kai ga ɗan ƙyalle guda a kafaɗar hagu, wanda bai wuce tafin hannu ba, Wiwin ta zauna a baranda da almakashi, Gilang yana ɗauka, mutane sun taru ganin yankan ƙarshe. Pak Tarmo ya miƙo sandarsa ya dafe rigar.

"Wannan a bar shi."

"Ai sun saba, Pak," in ji Gilang.

"Ba don su ba. Don ni, in riƙa gane ka." Ya janye sandar, ya ɗan leƙa wayar ta saman tabarau. "Nok, me suke cewa?"

"Wai Pak ya fi Mas Gilang iya magana. Suna so ka buɗe naka shafin."

Tsohon ya gyara hularsa, ya matso da kujera kaɗan.

"Ina ake kallo, nan ko nan?"